Ƙawance ko zumunci? Hulɗar Nijar da Nijeriya daga shata iyaka zuwa 2025

Gabatarwa

Duk lokacin da shugaban Nijar ya sauka Abuja, ko na Nijeriya ya sauka Yamai, akwai kalmar da ba ta ɓacewa daga jawaban maraba, wato «zumunci». To amma a Hausa zumunci daban, ƙawance daban. Zumunci gado ne, mutum ba ya zaɓen danginsa, kuma ba a rubuta shi a takarda. Shi kuwa ƙawance ƙulla shi ake yi da gangan saboda wata bukata, ana iya warware shi idan bukatar ta kau. Da wannan bambanci ne za mu bi tarihin hulɗar ƙasashen biyu ta fuskar diflomasiyya da kasuwanci da soja.

Abin da muke son nunawa shi ne, abin da ke tsakanin gwamnatocin biyu ƙawance ne, an ƙulla shi tsakanin 1967 da 1976 bisa wani ciniki da za a iya fayyace sharuɗɗansa, kuma ɓangare guda ne ke riƙe da mabuɗin ƙofa. Zumuncin jama'a na nan a ƙarƙashi, shi ake nema ya yi ɗinki idan ƙawancen ya yage. Tun da fagenmu ilimin harshe ne, za mu riƙa tsayawa kan wasu kalmomi da wannan tarihi ya bari a bakin mutane, domin sau da dama kalma takan adana abin da takardun gwamnati suka yi shiru a kansa.

1. Iyakar da ta bi sawun tsohon yaƙi

An saba cewa Turawa sun zo sun raba al'umma ɗaya gida biyu da alƙalami. Maganar tana da gaskiya, amma rabin gaskiya ce. Kafin zuwan Turawa, yankin da iyakar ta ratsa a yau ya shafe kusan shekara 100 yana fagen daga. Bayan jihadin da Shehu Usman ɗan Fodiyo ya fara a 1804, birnin Katsina ya faɗi a 1807, Alƙalawa ta Gobir kuma a 1808. Sarakunan da aka kora suka yi arewa. Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsina a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara a kan rundunar haɗin gwiwa ta Gobir da Maraɗi da Abzinawa. Daga nan har ƙarshen ƙarni, hare-hare ba su yanke ba tsakanin waɗannan garuruwa da masarautun Sakkwato. A gabas, Damagaram, wadda ke bin Barno da suna, ta yi ƙarfi zamanin Tanimun, har a ƙarshen ƙarni na 19 ta kai yaƙi kusa da ganuwar Kano. Har yau sarautar Maraɗi «Sarkin Katsina» take amsawa, kuma akwai Sarkin Gobir a Tsibiri, akwai wani a Sabon Birni.

Wannan tsohuwar tsaga ce Faransa da Ingila suka yi ta jayayya a kai. Sanarwar 5 ga Agusta 1890 ta ja layi daga Say zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, da sharaɗin cewa duk abin da ke na daular Sakkwato ya faɗa rabon Ingila. Firaministan Ingila, Salisbury, ya yi wa majalisarsa ba'ar cewa rairayin Sahara ne ya bar wa Faransa. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, sai Faransawa suka tarar ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Suka koma teburi da hujjar cewa Ƙwanni da Tsibiri da Maraɗi ba su taɓa zama ƙarƙashin Sarkin Musulmi da son ransu ba. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Ingila ta janye iyakar zuwa kudu, Faransa kuma ta bar wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar Terre-Neuve, can arewacin Amurka. Abin dariya ne, amma haka yake: kifin wani teku da Bamaraɗe bai taɓa jin sunansa ba yana cikin dalilan da suka sa jikokinsa ke karatu da Faransanci. Yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906 ta tabbatar da layin, kana ayarin Tilho da O'Shee ya kafa alamomi 148 tsakanin 1906 da 1908. Derrick Thom ya bi diddigin wannan ciniki a littafinsa na 1975, William Miles kuma ya nuna a 1994 yadda mulkin mallaka iri biyu ya bambanta ƙauyukan Hausa biyu maƙwabta.

Iyakar da aka samu tana da tsawon kimanin kilomita 1,500. Tun daga farko tattalin arziki bai yi mata biyayya ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, kuma ta waɗannan tashoshi gyaɗar Maraɗi da Damagaram ke fita zuwa Legas. Mahukuntan Faransa ba su taɓa jin daɗin hakan ba. Kusancin Damagaram da Kano na cikin dalilan mayar da babban birni Yamai a 1926, sannan a shekarun 1950 aka ƙirƙiro shirin «opération Hirondelle» don karkatar da kaya ta Paraku zuwa Kwatano, duk da tsadar hanyar. Wannan ja-in-ja tsakanin hanyar Kano da hanyar Kwatano bai ƙare ba da tafiyar Turawa.

2. Daga Sawaba zuwa Biyafara: yadda aka ƙulla cinikin

Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. Haɗin kai na farko tsakanin masu mulkin biyu tsoro ne ya haifar da shi. Jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta yi kiran a kaɗa «a'a» a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958 aka kuma haramta ta a 1959, tana amsa sunan Sawaba. Kalmar nan ita ce taken NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950 wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta. Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, abokin hamayya iri ɗaya: sarakuna da jam'iyyar da ke jingine da su. Ƴan Sawaba da suka gudu sun sami mafaka a Kano, kuma wasu daga cikin ƙungiyoyin da suka kutsa Nijar da makamai a Oktoba 1964 ta iyakar Nijeriya suka shigo. Saboda haka gwamnatin Diori Hamani da ta Sardauna Ahmadu Bello suka gane cewa ɗan hamayyar ɗaya na iya zama ɗan hamayyar ɗayan. Klaas van Walraven ya yi dogon bayani kan wannan a littafinsa na 2013.

Amma yaƙin basasar Nijeriya ne ya gwada kowa. Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka fara faɗa a Yuli. A taron OUA na Kinshasa, cikin Satumba 1967, aka naɗa kwamitin shugabanni 6 ƙarƙashin Haile Selassie, Diori na cikinsu. A Yuli 1968 kwamitin ya zauna a Yamai, Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo, kuma daga nan aka shirya tattaunawar Addis Ababa ta watan Agusta. Ya kamata mai karatu ya auna halin da Diori ke ciki a lokacin. Tanzaniya da Gabon da Kodebuwa da Zambiya sun riga sun amince da Biyafara a Afrilu da Mayu na shekarar. Houphouët-Boigny, uban RDA kuma jagoran Conseil de l'Entente wanda Nijar ke ciki tun 1959, shi ne kan gaba wajen goyon bayan Ojukwu. Ranar 31 ga Yuli 1968 gwamnatin de Gaulle ta fito fili ta ce a warware rikicin bisa haƙƙin al'ummomi na zaɓar makomarsu. Ƙasar da Faransa ke cike giɓin kasafin kuɗinta, wadda kuma ke da yarjejeniyar tsaro da Faransa tun 1961, ita ce ta ƙi bin wannan layi, ta tsaya tare da gwamnatin tarayya har aka gama yaƙi a Janairu 1970.

A tamu fahimta, lissafi ne ya sa Diori yin haka, kuma lissafin daidai ne. Ƙasa mai faɗin Nijar, wadda arewacinta ke nesa da Yamai, ba za ta yi wasa da batun ɓallewa ba. Kudancinta, inda mafi yawan jama'a suke, da kasuwannin Kano da Katsina da Sakkwato yake numfashi, kuma zuciyar mutanensa na tare da arewacin Nijeriya. Shugaban da ya fito daga yammacin ƙasa, wanda bai daɗe da murƙushe Sawaba ba, bai isa ya juya wa wannan jama'a baya ba.

Sakamakon ya zo da sauri. A Maris 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, «Commission mixte nigéro-nigériane de coopération», mazauninta a Yamai. A 1976 layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132 ya haɗa Birnin Kabi da Yamai, yana ɗauko wutar madatsar Kainji da aka gama a 1968. Daga baya wani layin ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Jami'an Nijeriya sun sha faɗa a bainar jama'a cewa wannan wuta mai rahusa diyya ce: Nijar tana sama da Kainji a kan kogin, idan ta datse ruwa injinan Nijeriya za su ji a jikinsu. Madatsar Kandaji, wadda ake zancenta tun shekarun 1970, sai a 2008 aka aza harsashinta, kuma juyin mulkin 2023 ya same ta ba a gama ba. Ga cinikin ke nan a taƙaice: Nijar ta tsare wa Nijeriya baya, ta bar kogi ya gangara, Nijeriya ta ba da wuta, ta bar kasuwarta a buɗe. A 1990 aka ƙara yarjejeniyar Maiduguri kan rabon ruwan Magiya da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe, ko da yake manoman Gulbi sun san abin da madatsar Jibiya ta rage musu.

3. Kasuwa, da wanda ke riƙe da mabuɗi

Kasuwannin iyaka tagwaye ne: Gaya da Kamba, Ƙwanni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, Matamai da Mai'aduwa, Dungas da Maigatari. Daga arewa shanu da tumaki da raƙuma ke sauka, da wake da albasar Galmi. Daga kudu hatsi ke hawa, musamman daga kasuwar Dawanau ta Kano, da man fetur da takin zamani da siminti da kayan roba. Mafi yawan wannan kai-da-kawo ba ya shiga littafin duwan, don haka alƙaluman hukuma ƙasa suke da gaskiyar abin.

Akwai kuma reshe na biyu, wanda ya fi na farko kawo kuɗi, ya kuma fi shi jawo rigima. Tun zamanin yaƙin Biyafara, da hanyar Legas ta rikice, attajiran Maraɗi suka ƙware wajen shigo da kayan da Nijeriya ta hana ko ta ɗora wa haraji mai nauyi: taba sigari, atamfa, shinkafa, gwanjo, daga baya motoci na hannu. A da kayan kan sauka Kwatano ko Lome, su shigo ta Gaya bisa doka, su biya haƙƙin ratse a baitulmalin Nijar, sannan su tsallaka kudu da dare. Emmanuel Grégoire ya bayyana wannan tsari a «Les Alhazai de Maradi», 1986, ya nuna yadda alhazan Maraɗi da abokansu na Kano da Katsina ke hulɗar miliyoyi ba tare da takarda ba, bisa amana da auratayya. Gaskiyar da ba mu cika son faɗa ba a wannan gefe ita ce, abin da duwan ɗin Nijar ke kira ratse, kwastan na Nijeriya fasa-ƙwauri yake kiransa, kuma gwamnatocinmu sun daɗe suna cin moriyar karya dokar maƙwabci.

Kuɗin ƙasashen biyu ma ba tafiyarsu ɗaya ba. Sefa na ɗaure da kuɗin Faransa, naira kuwa, wadda aka fitar a Janairu 1973, da farashin mai take hawa da sauka. Ainihin darajarsu ƴan canji ne ke yanke ta, a Wapa ta Kano da kasuwannin Maraɗi da Ƙwanni. Da Babangida ya karya darajar naira a 1986, kayan Nijeriya suka mamaye kasuwannin Nijar, ƙananan masana'antun Maraɗi suka kasa gogayya. Da aka rage darajar sefa da rabi a Janairu 1994, sai dabbobin Nijar suka yi araha ga mai naira. (Abin lura ga masu nazarin ƙirga: «jika» a Nijar dala 200 ce, wato sefa 1,000, «jaka» kuma a tsohon lissafin Nijeriya fam 100 ce, wato naira 200. Jakar ɗaya ce, kuɗin ciki ne suka sauya.)

Rauni mafi girma a wannan tsari shi ne, ɓangare guda na iya rufe ƙofa ba tare da shawara ba, kuma ya yi hakan. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, ƴan Nijar da dama na ciki. A Afrilu 1984 Janar Buhari ya sauya launin naira ya kuma rufe dukkan iyakokin ƙasa. Rufewar ta faɗo daidai da farin 1984, lokacin da makiyayi ke bukatar sayar da dabba kafin ta mutu, magidanci kuma ke bukatar hatsin kudu. Ba a buɗe ba sai Maris 1986, zamanin Babangida. Hausawa sun saba raɗa wa yunwa suna, kamar Kakalaba ta 1913-1914; ta 1984-1985 sunanta «El-Buhari». Wannan «El» ba «al-» ta Larabci ba ce, «ƴar» ce a wani karin harshen Hausa, kamar a sunayen wurare irin su El-Fadama, kuma an sa ta ne don kalmar yunwa tamata ce. Ƴar Buhari ke nan. Babu wata takardar ƙorafi ta diflomasiyya da ta kai wannan suna kaifi, kuma ya rayu shekara 40.

Tarihi ya maimaita kansa a hannun mutum ɗaya. Ranar 7 ga Yuli 2019, a Yamai, Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka. A Agusta ya rufe iyakokin ƙasa saboda shinkafa da mai, aka kuma hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai Disamba 2020 aka buɗe. Shi ɗin dai ne shugaban da ya fara ziyararsa ta waje da Yamai a Yuni 2015, wanda kuma gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka halarci gangamin zaɓensa a Kano a farkon 2019. Babu misalin da ya fi wannan nuna cewa zumunci na mutum ne, manufa kuwa ta ƙasa ce.

4. Soja

A fagen soja, shekara 50 na farko ba su da labari mai yawa. Nijar ta jingina da Faransa, ta kuma shiga ANAD a 1977, yarjejeniyar tsaron ƙasashe masu Faransanci, alhali tana cikin CEDEAO da aka kafa a Legas a 1975, wadda ta samar da nata ƙa'idojin rashin kai hari a 1978 da taimakon juna a 1981. Ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Abin da ya fi tsallaka iyaka a lokacin salon siyasar sojoji ne. Janar Baré, wanda ya karɓi mulki a Janairu 1996, ya sami kusanci da Janar Abacha, kuma kalmar «tazarce», da aka yayata don Abacha ya zarce da mulki a 1998, ita ce magoya bayan Tandja Mamadou suka ara a 2009. CEDEAO ta dakatar da Nijar a Oktoba na shekarar, ta naɗa Janar Abdulsalami Abubakar mai shiga tsakani, kafin sojoji su kawo ƙarshen zancen ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Boko Haram ce ta mayar da ƙawancen na jini. A Oktoba 2012 shugaba Jonathan ya zo Yamai aka sa hannu kan sintirin haɗin gwiwa. Ranar 3 ga Janairu 2015 mayaƙan ƙungiyar suka ci sansanin rundunar ƙasashen tafkin Cadi da ke Baga. Ranar 6 ga Fabrairu suka afka wa Boso da Difa. Majalisar dokokin Nijar ta amince a tura sojoji cikin Nijeriya, kuma a Maris dakarun Nijar da na Cadi suka ƙwato Damasak, daga baya Malam Fatori. A karon farko ƙaramar ƙawa ce ke yaƙi a ƙasar babbar. Farashin ya yi tsada: sojojin Nijar 46 suka mutu a tsibirin Karamga a Afrilu 2015, wasu kuma a Boso a Yuni 2016. Aka sake fasalin rundunar haɗin gwiwa, «Force multinationale mixte», hedkwatarta a Njamena, shiyyarta ta 4 a Difa. Daga 2019 kuma jahar Maraɗi ta karɓi dubun dubatar ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda ƴan bindiga suka kora. Yawancinsu a gidajen mutane suka fara sauka.

5. Gwajin 2023

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da shugaba Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata, CEDEAO, wadda shugaba Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ƙaƙaba takunkumi, ta ba da wa'adin kwana 7 tare da barazanar amfani da ƙarfi. Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wuta, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa. Kowane irin hukunci mutum zai yi wa juyin mulkin, yanke wutar ya taɓa ginshiƙin cinikin 1976 kansa. An yi juyin mulki a Yamai a 1974 da 1996 da 1999 da 2010, layin Birnin Kabi bai taɓa zama makamin hukunci ba sai wannan karo.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalinmu. Jihohin Nijeriya 7 ne ke kan iyakar: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Daga cikinsu murya ta taso cewa yaƙi da Nijar yaƙi ne da gida. Sanatocin arewa suka ƙi, kuma ranar 5 ga Agusta majalisar dattawa ta nemi shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu. Tawagar farko ta CEDEAO, ta Abdulsalami da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ta koma ba ta ga Tiani ba. Wanda ya fara ganinsa daga Nijeriya, ranar 9 ga Agusta, shi ne Muhammadu Sanusi II, wanda ba ya riƙe da muƙamin gwamnati, ya zo tare da Sarkin Damagaram. Bayan kwana kaɗan ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya biyo. Rawani da carbi suka buɗe ƙofar da ta ƙi buɗuwa ga jakadu, hukumar 1971 kuwa, wadda aka kafa don irin wannan rana, ba a ji ɗuriyarta ba.

Ya kamata a lura da harshen da aka yi rigimar da shi. Janar Tiani ya yi hirarraki da Hausa a talbijin ta ƙasa, kuma a ta 25 ga Disamba 2024 ya zargi hukumomin Nijeriya da haɗa baki da Faransa. Mai ba shugaban Nijeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya musanta zargin, shi ma da Hausa, a sashen Hausa na BBC. Dukansu sun san wanda suke yi wa magana: jama'a guda da ke sauraren rediyo ɗaya daga Tawa zuwa Zariya. A da, diflomasiyyar ƙasashen biyu da Faransanci da Ingilishi ake yin ta a ɗaki. A wannan karo an yi ta da Hausa a kasuwa. A 2025 ne kuma kundin «Charte de la Refondation» ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Ta fuskar takardu, ƙawancen ya ragu ƙwarai. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa AES ranar 16 ga Satumba 2023, suka sanar da fita daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024, fitar ta tabbata bayan shekara guda. An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyaka ta buɗe a Maris, wuta ta dawo. Hafsoshin sojan ƙasashen biyu, Janar Christopher Musa da Janar Moussa Salaou Barmou, sun gana a Yamai a Agusta 2024, amma a ƙarshen Maris 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar tafkin Cadi. A watan ne kuma ƙarancin mai ya kama Nijar. Tun da Tinubu ya cire tallafin fetur a Mayu 2023, man «ruwa-ruwa» da ake sayarwa a kwalabe ya daina araha, nauyi ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana. Da ta gaza, wurin Nijeriya aka nemi agaji, ta kuma turo tankokin mai. A Afrilu 2025 ministan harkokin wajen Nijeriya, Yusuf Tuggar, ya zo Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa.

Cikin abubuwan da suka tattauna akwai layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021, kamfanin Mota-Engil ke ginawa, Nijeriya kuma ta ɗauki nauyin kuɗinsa har da ɓangaren da ke cikin Nijar.  Faɗin dogonsa milimita 1,435 ne. Dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, da nufin haɗewa da Kwatano, faɗinsa mita 1 ne, kuma jirgin kasuwanci bai taɓa yin jigila a kansa ba.